Rigar Addi, Takalmin Gariba

Tudun Wada, Zariya
Afrilu, 2020

Zuwa ga autana Badaruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mai jego Hasna, da fatan jiki ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar uwarka Atine da ke taɓa ta, sai kuma kullen korona da ya hana mu ko sallar Juma'a.

Badaru, ka ba ni jika namiji! Tun da saƙonka ya shigo ban zauna ba. Na fita ƙofar gida ina neman wanda zan faɗa wa, na tarar da layi fayau ba kowa. Sai na leƙa ta katanga na faɗa wa Malam Absalom, malaminmu na ajin yamma, ya ɗaga hannu daga nesa yana ta yi mini barka. Da na dawo na faɗa wa akuya. Uwarka ta ce na zare. Ita ma fa guɗa ta yi har murya ta dishe, yanzu ba ta da zance sai "angona ya iso." Na ce mata angon da ba shi da haƙori ko ɗaya, ya zo ya ƙwace ta mu gani.

Ka ce in riƙa yi maka saƙon murya, ya fi sauƙi. Ban yarda ba. Sai da furfura ta fito mini na zauna a benci na koyi riƙe biro, in na taso daga aikin reluwe, yara suna leƙe ta taga suna dariya. Ba zan bar abin ya lalace ba. Zan rubuta a takarda, uwarka ta ɗauki hoto da waya ta turo maka, kai ma ka amsa da hannunka. Wata rana yaron nan zai karanta ya san kakansa ya iya.

A sa masa Abdul-Rahaman. Na so in zo in riƙe shi a yi masa aski kamar yadda na riƙe 'ya'yan yayyenka, to jirage sun tsaya. Abu ɗaya nake roƙo: kada kowa ya yi masa huɗuba. Ka kara waya a kunnensa, ni zan yi daga nan, muryata ya fara ji.

Ka gaida surukinka Malam Lahsan. Na ji ka ce ya zo daga Maroko duba 'yarsa, rufe hanya ya rutsa da shi a wurinku. Allah sarki, zaman baƙunta ba daɗi. Ku kula da shi.

Mahaifinka mai farin ciki,
Ɗanbaba


Mansura, Doha
Mayu, 2020

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku kai da Inna, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Mu ma lafiya. An dakatar da jirgin ƙasa na Metro, amma mu injiniyoyi ba mu huta ba, gyara muke ta yi. Hasna tana murmurewa.

Maganar huɗuba, Baba, ka yi haƙuri. Ranar da aka sallamo su daga asibiti, kafin in gama shigo da kaya, Baba Lahsan ya karɓi yaron ya yi masa kiran salla a kunne, ya tauna dabino ya shafa masa a baki. Na kasa buɗe baki in ce ya dakata. Ranar suna kuma ba wanzami, shaguna duk a rufe, shi ya yi askin da rezarsa. Sunan da ka zaɓa aka sa. Su a duwatsunsu suna gajarta shi su ce Rahhu, haka yake kiransa.

Abin da ka gani an naɗe yaron da shi a hoto ba bargo ba ne. Jallabiyar ulu ce mai ratsi-ratsi da hula a haɗe, ta mahaifin Baba Lahsan, sunansa Addi. Sojan Gum ne. Haka ake kiran rundunonin da Faransa ta ɗiba daga ƙauyukan duwatsun Maroko zamanin mulkin mallaka. Irin rigar nan suke sawa a kan kaki, da ita suka yi yaƙin duniya na biyu a Tunis da Italiya da cikin Faransa. Baba Lahsan ya ce inda motar yaƙi ta kasa hawa, su ake turawa da alfadarai, su ɓullo ta bayan Jamusawa. Ko'ina zai je sai da rigar a akwatinsa. Sanyin na'ura yana damun yaron, amma da an sa shi cikinta sai barci.

Tsohon yana da labari, Baba. Da kun haɗu da kun shirya.

Ɗanka,
Badaru


Tudun Wada, Zariya
Yuni, 2020

Badaru,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ruwa ya sauka, na shuka 'yar masarata a bayan gida.

Na karanta takardarka. Layi nawa ka yi a kan jikana, layi nawa ka yi a kan alfadarai? Ka ƙirga da kanka. Na san kunyar ɗan fari ce ta hana ka ambaton sunansa, wannan na yaba maka. Amma wane ne kuma Rahhu? Ni ban san shi ba. Abdul-Rahaman na sani.

Ban ce surukinka ya yi laifi ba. Mutum ya ga jariri ya yi masa kiran salla, lada ya samu. Sai dai abin da na roƙa ke nan guda ɗaya, ban kuma samu ba. Shi ya fara yi masa magana, shi ya taɓa kansa da aska, yanzu kuma warin rigar gidansu yaron yake shaƙa yana barci. Ni da na tausaya masa na ce baƙunta ba daɗi!

Kuma ka faɗa masa ba shi kaɗai ne ɗan soja ba. Kakanka Gariba ya je Boma a wannan yaƙin dai, Ingila ta kwashe su a jirgin ruwa, sai da aka yi masa sadakar mutuwa sannan ya dawo. Da ƙafa suka ratsa daji da kaya a ka, su ko alfadarin ba a ba su ba.

Na zauna zan rubuta maka labarinsa ka karanta wa yaron, sai na ga ba ni da shi. Tsohon ba ya zancen Boma. In an tambaye shi sai ya tashi ya ba akuya ruwa. Lambar da aka ba shi ta ɓace a gobarar da ta ci ɗakinsa, kakin kuma iyayenmu mata suka yanka suka yi tsumma. Abin da na san ya dawo da shi guda ɗaya ne: ba ya saka takalmi sai ya kife shi ya buga a ƙasa. Sau ɗaya ya ce mini a can kunama da matsattsaku a takalmi suke kwana. Har ni na tashi da wannan ɗabi'a, uwarka tana yi mini dariya. To ka gani. Wani ya bar riga, namu ya bar buga takalmi.

Ku saya wa yaron bargo. Doha ba a rasa bargo ba.

Mahaifinka


Mansura, Doha
Maris, 2021

Baba,

Ina gaisuwa, ina neman afuwar jinkiri, aiki ne ya taso mu gaba saboda gasar ƙwallon duniya da ke tafe. Kowa lafiya. Hasna ta koma aikinta na ɗakin magani, don haka na nema wa Baba Lahsan takardar zama, shi ke riƙe yaron da rana.

Ya fara takawa! Yatsan tsohon yake riƙewa su zaga falo. Ya kuma fara magana, kalmarsa ta farko "Jaddi," wato Kaka da Larabci. Tsohon yana durƙusawa ya zama alfadari, yaron ya hau bayansa, wai suna hawa dutsen Italiya cikin ƙanƙara, kujera ce sansanin Jamusawa. In ka ji dariyarsu sai ka ce sa'anni ne. An sayi bargon, ya ƙi shi.

Muna nuna masa hotonka a waya.

Badaru


Tudun Wada, Zariya
Afrilu, 2021

Badaru,

Muna lafiya. Barka da shiga azumi.

"Muna nuna masa hotonka a waya." Na gode. Ashe na zama hoto.

Ranar da na karanta cewa ya fara takawa, na raba goro a masallaci don murna. Da na dawo na sake karantawa, goron ya yi mini ɗaci a baki. Kalmar farko ta jikana, a cikin yaren da ba nawa ba, ga mutumin da ba ni ba.

Tunda an mai da sojojin Gum abin wasan yara a gidanka, na je wurin Malam Absalom na ce ya bincika mini su wane ne. Bai so ya faɗa ba, sai da na matsa. Ya ce jarumtarsu gaskiya ce, an rubuta. Amma an kuma rubuta cewa bayan sun fasa duwatsun nan na Italiya, waɗansunsu sun afka wa ƙauyuka sun ci zarafin mata, har yau mutanen wurin ba su manta ba. Ka tambayi surukinka ko wannan ma yana cikin labaran da yake ba jikana in ya zama alfadari.

Kakanka bai bar riga ba, amma ban taɓa jin an ce ya taɓa matar wani ba. A cire yaron daga cikin rigar nan. Ba mu san inda ta shiga ba.

Mahaifinka


Tudun Wada, Zariya
Agusta, 2021

Badaruddeen,

Ina gaisuwa. An yi ƙaramar salla, an yi babba, ban ga rubutunka ba. Uwarka tana samun "muna lafiya, aiki ya yi yawa" daga Hasna. Ni ko layi ɗaya. In mun kira a ce kana wurin aiki.

Na gane. Na taɓa surukinka, ka zaɓi ɓangare. Ban yi mamaki ba, shi kake gani safe da yamma. Amma ka tuna wanda ya goya ka a kan keke zuwa makaranta lokacin da shi kansa bai iya karanta allon makarantar ba.

Ko ba za ka rubuta don ni ba, ka turo hoton yaron. Haƙora nawa gare shi yanzu?

Ɗanbaba


Mansura, Doha
Satumba, 2021

Baba,

Ina durƙuso da gaisuwa. Ka gafarce ni, ba fushi na yi ba. Korona ce ta kama ni a farkon azumi, har aka sa mini iskar numfashi a asibiti. Bayan an sallamo ni na daɗe ko biro ba na iya riƙewa, in na yi magana sai haki. Ni na hana a faɗa muku saboda hawan jinin Inna. Yanzu alhamdu lillahi na koma aiki.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Tun farko duk takardar da ka turo, Baba Lahsan sai ya ce in fassara masa, don yana jin daɗin cewa ka koyi rubutu da girma, shi bai samu ba. Ni kuwa ina fassarawa ina tsallake inda ka yi zafi. Takardarka ta azumi ta zo ina asibiti. Hasna ta zaci addu'a ce, ta kira maƙwabciyarmu Sista Victoria, ma'aikaciyar jinya 'yar Zonkwa, ta karanta tana fassara musu ta waya. Sai da ta kai tsakiya ta gane inda zancen ya dosa, ta tsaya. Tsohon ya ce ta ƙarasa.

Bai yi faɗa ba. Ya ninke rigar ya mayar akwati, bai sake fito da ita ba. Yaron ya yi ta kuka kafin ya saba. A lokacin ina asibiti, Hasna tana killace a ɗaki, shi kaɗai ya yi ta jijjiga shi yana dafa musu abinci.

Ya ce in faɗa maka: abin da malaminka ya karanta ya faru, ba ƙarya ba ne. Ko Addi yana ciki ko ba ya ciki, shi bai sani ba. Ya ce kuma yana gaishe ka.

Ga hoton. Haƙoran sun kusa cika baki.

Badaru


Tudun Wada, Zariya
Afrilu, 2022

Autana,

Gaisuwa mai yawa. Mun yi magana a waya tun lokacin, ka ji kukan uwarka, ka ji nawa shirun. Amma akwai abin da ba na iya faɗa da baki. Waccan takarda ban rubuta ta don kunnen surukinka ba. Ka ce masa na gode da riƙon da ya yi muku. Abin da ke cina shi ne, har ciwon ɗana shi ya gani, ni ina nan ina ƙirga layi.

Yanzu ga magana. Abdul-Rahaman ya isa yaye. A gidanmu ba a yaye yaro a gaban uwarsa, gidan kakanni ake kai shi, ya yi kukansa ya gama, ya sha kunu a hannun kakarsa, ya san ƙofar gidan ubansa. Duk 'ya'yan yayyenka a ɗakin Atine aka yaye su. Jirage suna tashi yanzu. An riga ni huɗuba, an riga ni aski, kada a riga ni wannan. Na sa an yi wa ɗakin fenti, na sayi ƙaramin keke mai ƙafa uku.

Ghana kuma ta fitar da mu daga gasar da kuke ta wahala a kanta. Na ji Maroko za ta je. Komai dai su.

Mahaifinka


Mansura, Doha
Yuni, 2022

Baba,

Ina gaisuwa, kowa lafiya. Ban san yadda zan faɗa ba sai kai tsaye: an riga an yaye shi kafin takardarka ta zo. An hana mu hutu ni da Hasna sai bayan gasa, ba mai kawo shi. Ɗakin Baba Lahsan aka mai da shi, da madara da dabino ya rarrashe shi.

Kada ka yi fushi, Baba. Tunda ba mu iya kawo shi ba, kai ka zo. Zan saya maka tikitin wasa, da shi ake samun katin shiga ƙasar. Na san gwiwar Inna ba za ta bar ta ta hau jirgi ba. Ka zo ka ga ƙaramin abokinka da idonka. Khalas, na gama magana, ba na karɓar a'a.

Badaru


Mansura, Doha
Disamba, 2022

Zuwa ga Atine,

Ina gaishe ki, ya gwiwa, ya akuyoyi? Na iso lafiya. Ki kai wa Malam Absalom wannan ya karanta miki, ban yarda da saƙon murya ba ko a nan.

Na ga angonki. Atine, yaron nan kyakkyawa ne! Goshin gidanmu ne sak, sai gashin uwarsa. Da na hango shi a filin jirgi sai na nufe shi. Na durƙusa na buɗe hannu na ce, "Zo nan, ɓarawon matata." Ya dube ni, ya dubi hulata, ya ruga ya ɓuya a bayan Lahsan. Ya leƙo ya ce, "Ammu." Na tambayi Badaru ma'anarsa, ya yi ta kame-kame. Ashe haka yara suke kiran duk wani baƙon namiji a nan, har mai kawo ruwa.

Lahsan ɗan siriri ne, gajere, ba yadda na zana shi a raina ba. Ya rungume ni ya sumbaci kafaɗata, ya bar mini gadonsa ya koma kan katifa a ƙasa. Duk abin da zai sa in ji haushinsa ya ƙi yi, wannan ma haushi yake ba ni.

Shekaranjiya Maroko ta ci Fotugal. Ba zan ɓoye miki ba, a zuciyata Fotugal na goya wa baya, ni da ban san inda take ba. Muka hau Metro zuwa unguwar Mushairib, gari ya zama ja, ana ganguna, har 'yan Sudan da 'yan Ghana suna rawa. Angonki yana wuyan Lahsan da jar riga yana ihu "yalla, yalla," mutane suna ɗaukar su hoto. Ni kuwa ina baya riƙe da jakar ruwa da kayan canji. Wani ya tambayi Badaru ko ni direbansu ne.

Alewar da kika ba ni ya karɓa, ya kai wa Lahsan ya ɓare masa.

Ina tunanin in sa a matso mini da ranar dawowa.

Ɗanbaba


Mansura, Doha
Disamba, 2022

Atine,

Gaisuwa da kewa. Ina lafiya, kada ki damu da waccan takarda. Ki zauna sosai kafin a karanta miki wannan.

Faransa ta fitar da Maroko. Washegari da safe na fito na tarar da Lahsan a falo da akwatinsa a buɗe. Ashe ƙarshen wata zai koma ƙauyensu, za a sa yaron a makarantar reno, shi kuma ya ce yana so ya mutu inda zai ga dutse. Rigar nan tana saman kaya a ninke. Karo na farko ke nan da na gan ta ido da ido. Duk ta sha faci, ulun ya cinye a gwiwar hannu.

Badaru yana shirin fita aiki, na ce ya tsaya ya yi mana tafinta, kuma kada ya tsallake ko kalma. Na ce wa Lahsan, "Malam, ni kishinka nake yi, tun kafin in san fuskarka. Kai kana da riga, kana da labari. Ni ubana bai bar mini abin da zan ba yaron nan ba."

Ya dube ni, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Shekara nawa ka yi da ubanka?"

Na ce, "Sai da na yi aure na haifi uku sannan ya rasu."

Ya ce, "To ni ina rarrafe nawa ya tafi." Wai bayan yaƙin Turai Addi ya dawo ya tarar ba abin ci a ƙauye, ya sake shiga soja, Faransa ta tura su wani yaƙin a Indocin, can gabas kusa da Bomar su Gariba. Bai dawo ba, ko kabarinsa ba a sani ba. Rigar tsohuwa ce da ya bari a rataye. Labaran alfadarai kuwa, a kasuwa ya tsince su yana yaro, a bakin tsofaffin sojoji masu ƙafa ɗaya da ke zaman jiran fansho. Duk wanda ya ba da labari, sai ya cire sunan mutumin ya sa na ubansa.

Ya ce, "Shi ya sa da aka karanta mini takardarka ban iya rantsuwa ba. Ta yaya zan rantse a kan mutumin da ban san muryarsa ba? Jiya ina kallon ƙwallo ina cewa, ga ƙasar da ta cinye shi, ga ƙasar da ta haife shi, ni ban san wadda zai yi wa ihu ba." Sai ya kama gwiwata ya ce, "Kai faɗa mini. Yaya uba soja yake in ya shigo gida? Yana dariya? Yana duka?"

Sai na tuna yadda tsoho yake tsame nama daga miyarsa ya ajiye mini a gefen akushi ba tare da ya dube ni ba. Na faɗa masa. Ya ce in ƙara. Na faɗi yadda yake firgita in an yi tsawa, ya jawo mu duka jikinsa. Ya ce in ƙara. Badaru ya makara aiki yana fassara, don shi ma bai taɓa ji ba. Na dubi idon Lahsan, na ga abin da na sani sarai, don na daɗe ina ɗauke da shi. Kishina yake yi.

Muka tashi za mu sauka sayen burodi. Na zauna a bakin ƙofa na ɗauki takalmina na kife na buga a ƙasa, ban ma san na yi ba. Sai na ji ƙwas, ƙwas a gefena. Na waiga. Angonki ne zaune a kan tayil, ya kife ɗan takalminsa mai fitila yana bugawa, har da leƙa ciki. A bene hawa na biyar, gidan da ko tururuwa babu!

Na ce, "Wa ya koya masa wannan?"

Hasna ta ce, "Babansa mana. Kullum sai ya yi."

Badaru ya ce, "Ni? Ina yi?" Takalmin aikinsa yana hannunsa a kife.

Lahsan ya ce shi ya zaci duk 'yan Nijeriya haka suke. Na ce a'a, wannan daga dajin Boma ya taso, na ba shi labarin kunama. Ya ɗauki nasa silifa ya buga.

Yaron ya ga ni ma ina yi, ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara ganina. Na buga, ya buga. Na leƙa ciki na yi kamar wani abu ya cije ni, ya ƙyalƙyale da dariya har ya faɗi. Ya tashi ya kwaso takalman gidan kaf ya tara a gabana, sai da muka duba su ɗaya bayan ɗaya. Da za mu sauka ya ba Lahsan hannun dama, ya miƙo mini na hagu. Na so a ce na daman ne, amma na karɓa.

Na fasa matso da ranar. Har yanzu Ammu yake ce mini, sai dai Lahsan ya sa shi gaba yana nuna ni yana cewa "Kaka, Kaka," da irin bakinsu. Jiya ya kusa faɗa.

Rigar kuma ni na cire ta daga akwatin da hannuna na ce a nan za ta zauna. Da rana ni na lulluɓe shi da ita ya yi barci. Warin tumaki take yi, ban ga abin so a ciki ba, amma yaron yana so. Addi sai an ninke shi an adana. Gariba kuwa ba ya bukatar akwati, yana bakin ƙofa kowace safiya.

Ki bar keken nan a rufe kada ya yi tsatsa, sun yi alkawarin zuwa da babbar salla. Ki shirya, angonki ya fi ni gashi, amma na fi shi iya rubutu.

Mijinki na farko,
Ɗanbaba